Araha ba ta ado: kafin ka miƙa wa ɗan maƙwabci bokitin fenti



Yau maganar bango za mu yi, bangon waje na gida, wanda duk mai wucewa shi yake fara gani. Ku zaga unguwannin da ake sabbin gine-gine a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ku dubi katangu da kyau. Za ku ga gida sabo fil, ƙofar ƙarfe mai tsada, amma fentin bango ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wani in ka jingina da shi, babbar rigarka ta tashi da fari kamar ka fito daga injin niƙa. Mafi yawan gidajen nan ba su kai shekara biyu da shafa ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk wanda zai yi wa bangon wajen gidansa fenti, ya nemi wanda ya koyi aikin, ya biya shi haƙƙinsa cikakke, su kuma rubuta abin da suka shirya. Na san akwai masu cewa wannan maganar masu kuɗi ce. Ni kuwa gani nake talaka ya fi kowa buƙatarta, don shi ne ba ya da halin yin aiki ɗaya sau biyu.

Mu fara da abin da ya sa muke raina sana'ar. Mutum zai yi shekara bakwai ko goma yana tara bulo. Zai nemo maso mai suna, ya zauna a shantiye yana ƙirga buhunan siminti, ya yi ciniki da mai walda kan ƙofa da tagogi. Ranar da aka zo kan fenti, aljihu ya riga ya gaji, sai ka ji ya ce: "Ai shafawa ce kawai, a kira yaron gidan wane." A ba yaro rulo da bokiti, a ce mishi ya gama kafin Juma'a. To wannan "shafawa ce kawai" ita ce tushen ɓarnar. Shafawar ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Babban ɓangaren yana faruwa kafin a buɗe bokiti, kuma shi ne wanda bai koya ba bai san da shi ba.

Ga misali. Sabuwar shafen siminti tana da ruwa a cikinta, tana kuma da kaifi irin na kanwa. Masu gini na ba siminti wajen kwana 28 kafin ya kama jikinsa. In aka ɗora fenti kafin nan, ruwan da ke ciki zai nemi hanyar fita, ya tura fentin ya yi ƙuraje. In fentin mai ne, kaifin simintin yana cinye shi daga baya har ya saki bango. Ƙwararre zai taɓa bango ya ce maka: "Alhaji, a dakata." Wanda ke neman na cefanen yau ba zai faɗa ba, ko da ya sani.

Sai ƙura. Kowa ya san abin da hunturu ke sauke mana tun daga Nuwamba har Fabrairu. Bangon da ba a kankare ba, ba a share ba, ba a wanke ba, fentin da aka sa mishi a kan ƙura ya zauna, kuma ranar da ƙurar ta saki, tare za su tafi. Haka tsaga. Tsagar da aka rufe da fenti kawai tana nan daram, ruwan farko zai shiga ta cikinta. Mai sana'a yakan buɗe ta, ya cike, ya bari ta bushe, ya goge, sannan ya bi da shafar farko wadda ke kama bango, kafin shafa biyu na launi.

Akwai kuma abin da tsofaffin maginanmu suka daɗe da sani: hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa. Bangon gabas shi ke shan dukan ruwa da iska da yashi, shi ya sa ya fi saurin lalacewa. Gindin bango kuma yana tsotsar laima daga ƙasa, musamman wajen makewayi da inda makwarara ke bi. Wannan farin gishirin da kuke gani yana fitowa a ƙasan katanga, alamar ruwa ce. Ko fentin Faransa ka sa a wurin, sai ya tashi muddin ba a tsayar da ruwan ba. Indararon da ke zubar da ruwan soro a jikin bango, a gyara shi tukuna. Mai fentin kirki zai nuna maka waɗannan wurare tun ranar da ya zo duba aiki, kuma da wannan za ka fara gane shi.

Rana ma tana da nata. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu, bangon da rana ke duka kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Fentin ruwa, wanda muke kira FOM, in aka shafa shi a bango mai zafi, ruwan cikinsa na tashi kafin ya kama. A ido ya bushe, a gaskiya bai riƙe komai ba. Shi ya sa za ka ga ƙwararre yana bin inuwa: da safe yana bangon yamma, da la'asar ya koma na gabas, da tsakar rana ya ajiye rulo. Maigidan da bai gane ba sai ya ce lalaci ne.

A nan ne al'adarmu ta fentin sallah take cutar da mu. Daga 2023 zuwa 2025 ƙaramar sallah ta faɗo cikin Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, layya kuma cikin Yuni, bakin damina. Lokuta biyu ke nan mafi muni ga fentin waje, kuma su ne kowa ke rububin mai fenti, kwana uku kafin idi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bango ya bushe, ƙura ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Haka in biki ne. Uwar amarya da ke son a ga gida fes ranar kai lefe, ta sa a yi aikin wata biyu kafin nan. Mun ga shekarun da garuruwanmu suka karɓi bikin 18 ga Disamba, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, yadda kowa ya so gari ya yi kyau a idon baƙi. Sha'awar kyau muna da ita. Abin da ya rage mu koya shi ne kwalliyar da za ta biya kuɗin sabulu bayan baƙi sun tafi.

Yanzu mu zo ga kuɗi, tunda nan ne gardamar take. Mu ɗauki misali kawai, kowa ya sa farashin garinsu. A ce aikin gaggawa ya ci maka jikka 50, kaya da hannu, ya lalace bayan damina ɗaya. A ce aikin ƙwararre ya ci jikka 150, ya yi shekara biyar. In kana sabunta na farkon duk shekara, cikin shekara biyar ka kashe jikka 250. Kuma lissafin bai tsaya nan ba, don fentin da ya ɓare ba a shafa wani a kansa, sai an biya wanda zai kankare shi. Mafi yawanmu ma ba ma sabuntawa. Sai a bar bangon haka, ruwa ya ci shafen siminti, daga nan ya kai ga bulo. Fentin waje ai riga ce ta gini, aikinta na farko kare bango ne daga ruwa da rana. Wanda ya tsuke hannu a kan riga, zai buɗe shi a wurin maso.

Wani zai ce: to ai masu kiran kansu ƙwararrun ma suna cuta. Gaskiya ne, kuma ba zan kare su ba. Dabarun sanannu ne. A karɓi kuɗin bokiti huɗu a sayi biyu, a cika da ruwan famfo. A sayi fentin cikin ɗaki, wanda ya fi araha, a shafa a waje, rana ta mayar da shi gari. A zo da tsohon bokiti mai suna mai kyau, abin da ke ciki daban. A karɓi abansi a ɓace zuwa wani shantiye, waya a kashe. Duk wannan yana faruwa. Amma ku lura, yana faruwa ne inda maigida ya ba da kuɗi dunƙule, ya ce "ka san yadda za ka yi", babu awo, babu takarda, babu shaida. Maganin mugun ma'aikaci shi ne tsari, kuma tsarin bai fi ƙarfin kowa ba.

Na farko, gani ya kori ji. Kada ka yarda da hoton da ke cikin waya, don duk fenti kyakkyawa ne ranar da aka gama shi. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce. Ka dubi bangon gabas da gindin katanga, ka shafa tafin hannunka ka ga ko zai yi fari. In da hali ka gaisa da maigidan, ka tambaye shi yadda suka rabu.

Na biyu, a auna bango a gabanka. Lissafin ɗan firamare ne. Katanga mai tsawon metir 20 da tsayin metir 2 da rabi, metir kare 50 ke nan. Shafa biyu, ya zama 100. A jikin kowane bokiti na kirki an rubuta yawan wurin da litir ɗaya ko kilo ɗaya ke rufewa. In an ce litir ɗaya na rufe metir kare 8, kana buƙatar wajen litir 13. In bangon mai kaushi ne, irin wanda aka yi wa feshin tiroliyan, zai sha fiye da haka. A jikin bokitin kuma an rubuta yawan ruwan da za a ƙara, kuma ɗan kaɗan ne. In ba ka karanta Faransanci ko Turanci, akwai ɗan lakwal a gidanka ko a maƙwabta.

Na uku, a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Ku tafi kankayari tare, shi ya zaɓa tunda shi ya san kaya, kai ka biya ka karɓi takardar saye. Ka tabbatar an rubuta na waje ne a jikin bokitin, kuma murfin bai taɓa buɗuwa ba. A buɗe shi a gidanka.

Na huɗu, a rubuta. Ko a takardar kayen ƴan makaranta ce. Wane bango da wane bango, za a kankare, za a cike tsaga, shafa nawa, ƙofofin ƙarfe za a goge tsatsa a sa musu antiruy kafin fentin mai, kwana nawa aikin zai ɗauka, wa zai share wurin bayan an gama. Masu aikin ofis suna kiranta debi. Ku sa hannu gaban mutum biyu. Kuɗin hannu a kasa shi uku: kaɗan a farko, wani bayan an gama gyaran bango ka gani da idonka, sauran ranar da aka kammala. Mai gaskiya ba ya tsoron takarda, don shi ma tana kare shi.

Wannan ya fi shafar ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas. Mutum yana can yana shan wuya, ya turo kuɗi a yi wa gidan tsohuwarsa fenti, a tura mishi hoto ta WhatsApp, ya yi murna. Ya dawo bayan shekara biyu ya tarar da bango kamar mai kyasbi. Daga nan zargi ya shiga tsakanin wa da ƙane, alhali wataƙila ba wanda ya ci ko dala, rashin sani ne kawai. Takarda ɗaya da hoton bokitai kafin a buɗe su sun isa su tsare zumunci.

Mu kuma masu gida, muna da namu laifin. Mutum ya yi maka kwana shida a kan tsani cikin rana, ranar biya ka ce ya dawo jibi, jibi ta zama wata. Ko a yi ta ja da shi a ciniki har a kai shi inda in ya yi aikin gaskiya, ba abin da zai kai gida. Wanda aka matse haka, a cikin bokiti zai nemi ribarsa. In muna son masu fenti na kirki su yawaita, sai sana'ar ta ciyar da mai ita.

Akwai kuma maganar rai, wadda ba a cika yi ba. Gidajen bene sun yawaita a garuruwanmu, wayoyin kuran kuma suna bi dab da katangu. Yaron da aka ɗora kan tsani biyu da aka ɗaure da igiya, riƙe da rulo mai doguwar sandar ƙarfe, kusa da waya, in wani abu ya same shi a ƙofar gidanka, me za ka ce wa uwarsa? Ƙwararre yana zuwa da abin takawa mai ƙarfi, ya san nisan da zai bari tsakaninsa da waya, yana da mai riƙe mishi tsani.

Sai dalma. Wasu fentin mai, musamman masu launi mai kaifi kamar rawaya da ja, da wasu magungunan tsatsa, ana sa musu dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa a jikin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mu da ke kan iyaka mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinari ta kashe yara kimanin 400. Ta fenti ba ta kisa da sauri haka, a hankali take shiga, ta ƙurar tsohon fentin da aka kankare, da ɓawon da yaro mai rarrafe ke tsinta ya kai baki. Don haka ranar kankara a fitar da yara, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a kwashe ɓawon a kai nesa. Bokitin fentin da ya ƙare kuma, don Allah iyayenmu mata, kada a zuba ruwan sha ko gasara a ciki.

Ban manta da masu gidan ƙasa ba, kuma su ne mafi yawa. Bangon ƙasa yana numfashi: ya sha laima, ya fitar. In ka rufe shi da fentin mai, ko ka lafta mishi siminti kai tsaye, laimar ta rasa hanya, sai ka ga shafen ya rabu da bango ya faɗo falle guda. Kakanninmu suna da makuba ta ɓawon ɗorawa, suna da laso, suna da farar ƙasa, kuma suna da Sarkin Magina da ake tambaya. Ku shiga Birnin Damagaram ku dubi zanen da ke fuskar tsofaffin gidaje. Ku tuna masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Fuskar gida a ƙasar Hausa ba a taɓa barinta ga wanda bai iya ba. Mai gidan ƙasa, ƙwararrenka shi ne maginin da ya san yaɓe. Shi za ka nema, kuɗinka ma sun fi yin auki.

To yaran unguwa fa, da ke samun na shayi da wannan aiki? Tambaya ce mai kyau, don rashin aikin yi ba wasa ba ne. Ba cewa nake a kore su ba. In kana son taimakon ɗan maƙwabcinka, ka sa sharaɗi ga mai fentin ya ɗauke shi aparanti a aikin gidanka, ya yi kankara, ya riƙe tsani, ya ga yadda ake dama fenti, a biya shi. Bayan gida biyar ko goma ya fara zama mai sana'a. In ka ba shi bokiti shi kaɗai, ka yi asarar bango, shi kuma ya tafi da tunanin ya iya. Ina kuma kira ga masu kula da cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu da su ba fentin gini matsayi irin na walda da ɗinki da kanikanci, da takardar shaida da yaro zai nuna. Su ma masu fentin, lokaci ya yi da kowane gari za su haɗa kansu su samu shugaba, wanda maigida zai kai wa ƙara in an cuce shi, su ma su kai tasu in an hana su haƙƙinsu.

In kuma kuɗin ba su kai ba a bana, ba dole. Bangon siminti da aka shafe da kyau, ko aka yi wa tiroliyan, zai jira ka shekaru bai ce komai ba. Ka gyara indararo, ka toshe tsaga, ka bar fenti sai baɗi. Ko ka yi wa bangon gabas da fuskar gida aiki mai kyau, sauran su biyo baya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wajen launi ma a yi tunani: mai duhu yana jan zafi cikin ɗaki kuma ya fi saurin koɗewa, fari tas kuma jar ƙurarmu ba ta raga mishi. Launi mai haske da ya ɗan yi kusa da ƙasar wurin ya fi jurewa.

Masu fenti da ke karanta wannan, ku faɗa mana abin da masu gida ke muku wanda ban ambata ba. Masu gida kuma, wanda fentinsa ya haura shekara biyar bai tashi ba, ya gaya mana a wane wata aka yi aikin da irin gyaran da aka yi wa bangon kafin a shafa, don wasu su amfana.

Allah ya ba kowa ikon rufa wa kansa asiri. Sai mun ji daga gare ku.